Dam ɗin Baturen Ruwa a Bayan Ƙarfi

Mun tashi da asuba daga Funtua, mu uku a motar ƙungiyarmu ta masu noman rani. Dam ɗin ƙauyenmu ya ɓalle a damina, ya share gonaki, kuma muna shirin sake shi. Sai gardama ta tashi: wasunmu na so a ɗaga bango a toshe ko'ina don ruwa ya taru da yawa, ni ma ina cikinsu. Aka ce mu je mu ga wani tsohon dam a bayan Ƙarfi da bai taɓa ɓallewa ba.

Hanyar Bakori da sauƙi, sai dai masara da aka shanya a gefen titi ta cinye rabinsa. Direbanmu ya ce bana hatsi ne ke da hanya, mota aro take yi. A Malumfashi muka karya da waina da miyar taushe, mai wainar tana ta kukan tsadar man gyaɗa. Daga Ƙarfi muka bar kwalta, muka hau babura.

Dam ɗin bai ba ni sha'awa ba da farko. Bangon ƙasa ne mai faɗi, ciyawa ta rufe shi, bai ma kai namu tsayi ba. Amma ruwa na kwance, tumatir da albasa sun yi shar a ƙasansa.

Mai unguwar wurin, dattijo ne da ya yi leburanci a aikin gina dam ɗin yana saurayi, shi ya zagaya da mu. Ya ce injiniyan da ya gina shi ɗan wata ƙasa ne da ake kira Lituwaniya, yaƙi ya raba shi da gida, bai kuma koma ba. Baturen Ruwa suke ce masa. Kafin a sa diga, sai da ya kafa sanduna a rafin, in an yi ruwa ya fito da lema yana duba inda ambaliya ta kai. Ya kuma gina ɗan ƙaramin dam na yumɓu a inuwar tsamiya, yana kwarara masa ruwa har ya rushe, ya sake wani. Mutane suka ɗauka ya taɓu.

Mai unguwar ya kai mu wani gefe da aka rage tsayin bangon aka shimfiɗa dutse da siminti, ta nan rarar ruwa ke fita. Na ce, "Baba, ai wannan asara ce."

Ya ce, "Haka muka faɗa masa, Alhaji. Da 'yar Hausarsa ya ce mana ruwa in ba ka ba shi ƙofa ba, zai yi wa kansa."

Na tambayi inda Baturen ya ƙare. Ya ce an mayar da shi wani aiki, ba su sake jin labarinsa ba. Abin da ya fi tunawa shi ne ranar da dam ɗin ya fara cika: Baturen ya zauna a bakin ruwa, ya ce ya yi kama da tafkin garinsu, ya daɗe bai tashi ba.

Mun iso gida bayan la'asar, da kyautar kwandon albasa. Na tafi neman hujjar ɗaga bango, na dawo da awon faɗin mafitar ruwa a jikin igiya. A taron ƙungiya ni na fara ɗaga hannu cewa a bar wa ruwa hanyarsa, kuma da mafitar ruwan za mu fara aikin.