Abin da Aka Faɗa a Addu'ar Laraba

Mu Kirista ba mu da yawa a Magariya. Ran Lahadi, ko kowa ya zo har da yara, benci shida ke ɗauke mu. Yawancinmu aiki ne ya kawo mu garin: malaman lakwal, wato makaranta, ma'aikatan likita, wato asibiti, sai masu shago biyu ko uku.

Muna da wata al'ada ran Laraba bayan la'asar. Mukan taru a majami'a, kowa ya miƙe ya faɗi damuwarsa a fili, sauran su yi masa addu'a. Ba a ɓoye kome. Mace takan ce mijinta ya koma shan giya alhali yana zaune a gefenta. Mun ɗauka abin da aka faɗa a gaban Ubangiji a nan yake tsayawa.

Maigidana, Mushe, darakta ne na wata lakwal a wani ƙauye da ke kan hanyar Dungas. Da safe ya hau babur ya tafi, da yamma ya dawo. Yana da ciwon sukari, kullum sai ya yi allura, maganin kuwa ba ya son zafi. A Magariya akwai wuta, akwai firij a gidan maƙwabcinmu, likita kuma na kusa. Saboda haka zamanmu a garin ba jin daɗi ba ne kawai, ransa ne.

Wata shekara aka kawo masa takarda ya sa hannu, cewa an gina aji uku na siminti a lakwal ɗinsa, an gama, ya karɓa. Abin da ke wurin rumfunan kara ne da tsibin yashi da awaki ke kwanciya a kai. Ɗan kwangilar surukin wani babban ɗan siyasa ne. Takardar ta kwana huɗu a aljihunsa. Ran Laraba ya miƙe.

"Ƴan'uwa, ku roƙa mini ƙarfi," in ji shi. "An ce in shaida na ga aji uku, ni kuwa ko bulo ɗaya ban gani ba."

Wata tsohuwa da ke zama a gaba ta ce, "Ko idonka ne, Mushe? An ce sukari na taɓa ido."

Aka yi dariya. Sai majo, wato babban ma'aikacin jinya na wata ƙaramar likita, wanda yake abokin maigidana, ya ce, "Kada ka sa. Ni ma an kawo mini irinta a kan magani, na mayar musu da abarsu." Muka durƙusa muka yi addu'a.

Ran Juma'a aka kira maigidana wani biro, wato ofishin hukuma. Aka maimaita masa maganarsa kalma bayan kalma, har da ba'ar tsohuwar. Aka ce ya je ya yi tunani, domin akwai ƙauyuka can arewa da ke neman darakta.

Mu goma sha huɗu ne a wurin addu'ar ran Larabar nan, babu baƙo ko ɗaya. Daga wannan mako addu'ar ta sake. Mutane suka koma roƙon ruwan sama da sauƙin ciwon baya. Ni kan rufe ido rabi, ina duban fuskoki.

A gida na ce masa ya sa hannu. Yana wanke babur ɗinsa, bai ɗago ba.

"Ginin nan, ko ka sa ko ba ka sa ba, ba za a yi shi ba," na ce.

"Na sani."

"To, don wa kake yi?"

"Yaran suna zaune a rumfar, suna kallona. Iyayensu sun san ni Kirista ne. Da wane baki zan ce musu ga gini?"

Ban sake yi masa maganar ba. Bayan kwana biyu, da ya fita aiki, na yafa gyale na tafi biron nan ba da saninsa ba.

Na yi zaton zan tarar da mutum mai tsawa. Wanda na tarar dattijo ne mai fara'a. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Ya tambayi jikin maigida, ya tambayi ƴarmu da ke shirin jarrabawa. Ban taɓa ganinsa ba, amma ya san lambar ajinta.

"Ranka ya daɗe, ba shi da lafiya," na ce. "Idan aka kai shi inda babu wuta, ba zai daɗe ba."

"Madam, wa ya ce za a kai shi? Mushe mutumin kirki ne, duk mun sani. Irinsa ba ya taurin kai shi kaɗai, sai da mai zuga shi. Mu mai zugar muke so mu sani, don mu raba shi da wahala."

Ya san amsar, tunda an kai masa kome. Na gane haka tun ina zaune. So yake ya ji daga bakina. Na ce majo ne. Maganar ta fito ba wuya, kamar ina tambayar kuɗin tumatir. Ya yi godiya, ya raka ni har bakin ƙofa.

Da aka zo buɗe lakwal, takardar canjin wuri ta fito. Aka tura maigidana wani ƙauye mai tafiyar yini guda. Aka tura majo wani wajen. Wanda ya gaji maigidana ya sa hannu a makon farko.

Ni na zauna da yara saboda karatunsu. Shi can yana binne kwalbar maganinsa cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. A shekara ta biyu, da bazara, ƙaya ta soke shi a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Kafin a kawo shi gida ya ci ƙarfinsa. Ya kwana tara a likita, ya rasu.

Tun ina yarinya ake koya mana cewa zuciyar mutum karkatacciya ce, babu wanda ya tsira sai da alherin Allah. Nakan ce amin, ina tunanin waɗansu. Har yau ban san wanda ya fitar da maganar addu'ar nan ba, na kuma daina nema. Na san yadda ake yi: a ba ka kujera, a ba ka ruwa, a ambaci abin da kake tsoron rasawa.

Majo ya zo jana'iza, shi ya wanke gawar. Ran kwana uku, da masu gaisuwa suka ragu, na same shi a zaure yana ɗaure jakarsa. Na durƙusa na faɗa masa abin da na yi.

"Tashi, Yaya," in ji shi. "Na sani."

"Ka sani?"

"A makon da kika je biron, dattijon ya kira ni ya faɗa mini. Ai ba don su sani suke tambaya ba. Don su samu abin faɗa wa na gaba ne." Ya ja igiyar jakar. "Na yi wata shida ban iya ambaton sunanki a addu'a ba. Ba zan ɓoye miki ba. Daga baya na iya."

Na tambaye shi ko maigidana ya sani.

"Ni dai ban faɗa masa ba."

"Su fa, sun faɗa masa?"

Ya ce bai sani ba.

Shekara biyun nan, duk hutun da maigidana ya zo gida, bai taɓa nuna mini kome ba. Yakan kawo mini gyaɗa da iyayen yara suka ba shi, ya zauna a tsakar gida yana ɓarewa, yana ba ni labarin ƙauyen. Na sha komawa kan waɗannan ranaku ina dubawa, ban samu amsa ba.

Majo ya ce motar Damagaram ba ta jira. Na kira ɗana ya ɗaukar masa jaka zuwa tasha.