Cukun da Ya Buɗe Bakin Ummi

Jikata Ummi ta ci abinci! Salamu alaikum, ku yafe ni, murna ce.

Tun da ta tashi daga jinya take ƙin komai sai cuku, likita kuma ya hana mai sinadari. Na zagaye kantunan Sabon Gari ina karanta bayan roba da ɗan karatuna na ajin yamma, kowanne da haɗi.

Yau a Fagge na tarar da wata Bafillatana da ƙwaryar ɗanyen cuku.

Na ce, "Inna, me kika zuba?"

Ta ce, "Madara da ganyen tumfafiya, Alhaji. In akwai na uku, tambayi saniyar."

Na sayo na kawo gida, Ummi ta kama ci. Na miƙa hannu, ta ce, "Tsoho, ba naka ba ne!"

Ku zo ku gani, har yanzu tana lasar kwano.