Mai Ƙarfen Laima

A bayan ofishinmu, kusa da tashar jirgi, wani siririn saurayi yana tsaye kan akwati, cikin kwat da ta yi masa yawa, yana kaɗa ƙarfen laima. Mai kalangun mahauta, da mai algaita, da wata 'yar cocin Sabon Gari mai jita suna bin hannunsa. So yake kiɗansu ya zama ɗaya. Idan ya rufe ido, wataƙila babban taro yake gani.

Ni akawu, oga ya aiko ni in kore su.

Yana hango ni ya diro, ya goge akwatin da hannun rigarsa.

"Baba, bismilla, zauna! Ba wanda ya taɓa zuwa sauraronmu."

Na zauna, saƙon oga a bakina, na kasa haɗa ido da shi.