Buhu Takwas a Bayan Mota

Shekara talatin da ɗoriya Mai Zare ya yi yana saita tayoyin mota, kuma har yau ba ya kallon mota ta gaba. Sai ta wuce yake bin ta da ido, ya ce wannan tafiyar kaguwa take yi. Matarsa kan ce da ita ma tayoyi gare ta, da ta ga gata. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: zare, tef ɗin awo, sifana biyu. Da na'urar saiti ta shigo gari sai masu motoci suka guje shi, har da surukinsa.

Ana nan sai motar 'yarsa, wadda take kai wa masu kiwon kaji buhunan abinci, ta fara cinye tayoyin baya ta ciki. Wata biyu, taya ta yi sanƙo. Sau uku surukin ya kai ta wurin masu na'ura, sau uku suka ce lafiya lau. Ran da taya ta fashe mata a hanya, mijin ya ce sayar da motar za a yi, ita ta zauna a gida. Ta zo wa mahaifinta ido jajur.

Mai Zare ya ja zarensa daga gaba zuwa baya, ya auna, ya ga komai daidai. Ransa ya ɓaci, don ya so ya kama na'ura da ƙarya. Can ya tambayi 'yar buhu nawa take lodawa, ta ce takwas.

"To wa ya taɓa auna ta da kaya?"

Babu ko ɗaya, kowa a wofi yake auna ta. Ya sa ta koma ta lodo buhunan. Bayan motar ya zauna, tayoyin suka buɗe, zaren ya nuna karkata mai kaurin fensir. Tsoho ya sauka ramin da ke ƙarƙashin motar, buhu takwas a samansa, ya sassauta noti, ya murɗa, ya fito ya auna, ya koma, har ɓangarorin biyu suka zo ɗaya.

Bayan wata biyar surukin ya biyo ta gareji, ya durƙusa ya shafa tayar ciki da waje, zanenta na nan daram. Ya miƙe yana sosa ƙeya.

"Baba, an fasa sayarwa."

Daɗi ya kashe Mai Zare, ya buɗe baki zai yi masa wa'azi, sai 'yar ta danna hon ta ce su matsa, masu kaji na jiran ta.