Sikelin Tsakar Ɗaki

Mai-sikeli bai taɓa yarda da awon kowa ba. Shekara ashirin da ɗoriya yana gyaran sikeli a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, kuma a wurinsa duk wanda ya kawo gyara macuci ne sai an tabbatar da akasin haka. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya dube ka sama da ƙasa yana neman abin da ka ɓoye. Mutum ne mai wuyar sha'ani, sai dai Allah ya jarrabe shi da son 'yarsa Auta, mai shekara tara.

Ranar da ma'aikaciyar asibiti ta ce nauyin Auta ya wuce kima, shi ya sa take haki in ta hau matakala, gogan naka ya ce sikelinsu ne ke ƙarya. Washegari ya koma da dutsen awonsa a aljihu ya gwada. Sikeli lafiyarsa ƙalau. Ya dawo gida jiki a sanyaye, tsoro ya cika shi, ya kafa doka: babu lemon kwalba, babu biskit, a ƙara ganye da wake, makaranta kuma da ƙafa. Ya ɗauko sikeli daga shago ya girke a tsakar ɗaki, duk Asabar da safe Auta ta hau.

Sati uku allura ba ta motsa ba, sai zargi ya tashi. Ya zazzage jakar makaranta, ya shinshina gorar ruwa, ya tsare mai kantin bakin layi da tambayoyi. Ko mahaifiyarsa ba ta tsira ba, don ya hango alewa a ƙarƙashin matashinta.

"Tawa ce, ɗan nan!" in ji tsohuwar. "Ni ma dokar ta hau kaina?"

"Maigida, ka sassauta," in ji matarsa. "Da Asabar ta matso yarinyar nan take rasa sukuni."

"Sassaucin ne ya kawo mu nan."

A sati na huɗu allura ta sauka da kilo ɗaya. Ya yi dariya har da tafi. Na biyar ma haka, na shida ma haka. Da wani uban ne sai hamdala, amma shi ido ya sa: siket ɗin makaranta na nan yana matse ta, hakin ma na nan. Ruwa ba ya tsami banza.

Ya kifa sikelin ya buɗe. An murɗa wani ɗan noti a ciki, yadda allura za ta zauna daidai in babu kowa a kai, amma ta ci awo in an hau. Aikin gwani. Ransa ya ɓaci, ya kwance notin, ya tara mutanen gidan, ya kafe matarsa da ido.

"Ni da ko ƙwan lantarki ban iya sauyawa ba?" in ji ta.

"Ni ce, Baba," in ji Auta daga bayan labule.

"Ke? Wa ya koya miki?"

"A shago na gani, kana nuna wa mutane yadda ake cutar su."

"To don me?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin siket ɗinta. "In awon ya sauka kana yi mini dariya. In bai sauka ba, allurar kake kallo, ni ba ka kallo na."

Kunya da tausayi suka rufe shi lokaci ɗaya, ya rasa inda zai sa notin da ke hannunsa. Can ya ce, "Daga jibi tare za mu riƙa takawa makaranta, ni da ke."

"In mun dawo za ka auna ni?"

"A'a."

Ba ta yarda ba. Ranar Litinin da ya miƙa mata hannu a bakin ƙofa, sai da ta koma ta leƙa tsakar ɗakin, ta duba har ƙarƙashin kujera, ta tabbatar babu sikelin, sannan ta zo ta kama hannun.