Layi Goma Sha Shida na Marigayi Wahid

Issifu Mahama ya cika shekara arba'in da shida a bana, tara daga cikinsu a Doha ya yi su. Gadi yake yi a ƙofar wani benen ofisoshi da ke Al-Sadd. Motar kamfani ce ke ɗauko shi daga masaukin ma'aikata kusa da Asian Town, ta mayar da shi bayan awa goma sha biyu, ƙafafunsa sun kumbura har igiyar takalmi ta yi musu shata. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma ya daina sauraron waƙa tun shekararsa ta biyu a ƙasar, domin a cewarsa kunne ma yana buƙatar hutu.

A Sabon Zongo na birnin Accra aka haife shi, a nan ne kuma a shekarar 2003 shi da abokansa biyu suka kafa ƙungiyar waƙar hip hop da Hausa. Wahid shi ne mai baiti, Abdulhakeem mai haɗa kiɗa, Issifu kuma ɗan amshi. Mawaƙan Kumasi da Tamale sukan kira su 'yan kudu cikin raini, wai Hausarsu ta jiƙe da ruwan teku. Sai suka karɓi sunan, suka zama 'Yan Layin Kudu. Kiɗansu mai nauyi ne, mai tafiya a hankali, da kalangu a ƙarƙashinsa, kuma abin da suke gani a unguwa shi suke rerawa: layin famfo, hayaƙin masu gasa kifi, mai gidan haya da ke cire ƙofar ɗakin ɗan haya idan ransa ya ɓaci. Sun fitar da faifai biyu, gidajen rediyo sun sa su, sun cika filin makaranta a bukukuwan Sallah uku a jere. Faifai na uku an naɗe shi a 2007 amma bai fita ba. Aure da neman abinci suka raba su, sannan ambaliyar 2015 ta shiga situdiyon da aka ajiye aikin, ta lalata na'urar da ke ɗauke da shi. Wahid ya rasu a Accra shekara uku da suka wuce, Issifu yana tsaye a bakin aiki lokacin da labarin ya iso.

A watan Mayu saƙon murya ya shigo wayarsa daga Sanatu, matar marigayin.

"Yaya Issifu, ina gajiya? Ga 'yarka Mufeeda ta hana ni sakat. An gaya mata babanta ya yi mata waƙa da aka haife ta, a faifan nan da bai fita ba. Ta tambayi kowa, ba mai ita. Na ce in dai akwai wanda ya riƙe ta, kai ne, tunda kai ke tsayawa a bayansa. Ka rera mata a waya ko sau ɗaya ne, ta ji abin da ya ce."

Ya amsa nan take cewa ba komai, zai aiko kafin Juma'a. Wahid bai taɓa rubuta baitinsa a takarda ba, a ka yake haɗawa, amma Issifu ya tsaya bayansa a wannan waƙa ba sau goma ba, ba sau ashirin ba. Da lokacin cin abinci ya yi sai ya shiga ɗakin masu gadi, ya rufe ƙofa, ya buɗe baki. Abin da ya fito kalma ɗaya ce: "asuba". Ya ƙirga bugu huɗu a zuci, wata ta fito, ya ci gaba, ta shida ita ce "riga". Haka har goma sha shida, babu wadda ta ɓace, babu kuma ko layi ɗaya cikakke.

Dalilin yana cikin aikin kansa. Ɗan amshi ba ya rera layi. Yakan jira mai baiti ya kusa ƙarshe, numfashinsa ya fara yankewa, sai ya ɗaga murya ya buga kalmar ƙarshe tare da shi domin ta isa bayan fili. Shekara shida Issifu ya yi yana sauraron Wahid da kunnen mai jiran wurin shiga, ba da kunnen mai hadda ba.

Juma'ar ta wuce bai aika komai ba, ta biyu ma haka. Sanatu ba ta sake magana ba, sai Mufeeda ce ta turo gajeren rubutu: "Baba Issifu, ina jira fa." A rana ta goma sha bakwai ya kira Abdulhakeem, wanda shi ma yana Doha, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yana zaune a Ain Khaled. Rabon da su haɗu ya kai shekara biyu, ba don faɗa ba, sai don ranar hutun da ba ta isar kowa wanki da barci.

Bayan sallar Juma'a suka haɗu a filin ajiye motoci na Asian Town, cikin motar aikin Abdulhakeem, tsakanin tulunan gas da bututun jan ƙarfe.

"Chale, abokina, ka tsufa," in ji Abdulhakeem. "Wannan tumbin na gadi ne ko na shinkafar 'yan Indiya?"

"Injiniya, bar tumbina. Kana da kiɗan?"

"Kiɗan yana cikin kwata a Accra. Amma hannuna bai manta ba."

Ya fara buga sitiyari da tafin hannu, yana yin kalangun da baki. Shi ma ba layukan ya riƙe ba. Abin da ya sani shi ne farkonsu, domin shi ke zaune gaban na'ura yana yanka murya yana daidaita ta da bugun farko, yana maimaita kalma biyu ko uku sau ɗari. Sai aikin ya zama haka: Abdulhakeem ya faɗi farko, Issifu ya faɗi ƙarshe, su biyun su zauna suna kallon ramin da ke tsakani.

"Na fito ba takalmi," in ji Abdulhakeem.

"Asuba," in ji Issifu. Sannan ya haɗa su a hankali: "Na fito ba takalmi, ana kiran sallar asuba."

"Shi ne! Wallahi shi ne. Yalla, mu je na biyu."

Wasu suka zo da sauƙi, wasu sai da aka yi gardama. Kafin la'asar sun haɗa goma sha ɗaya. Biyar suka ƙi, na shida da na bakwai da uku na kusa da ƙarshe.

"Mu cika su kawai," in ji Abdulhakeem yana share gumi. "Mun san yadda yake magana. Yarinyar ba za ta gane ba, ta yi murna, khalas, shi ke nan."

"Maganar babanta ta tambaya."

"To maganar babanta ta tafi da shi, mutumina. Kai ma ka sani. Za ka aika mata waƙa mai giɓi kamar bakin tsohuwa?"

Issifu ya jingina da kujera. Ya gaji, kuma shawarar tana da sauƙi. Amma ya san Mufeeda za ta haddace duk abin da aka aika mata, ta riƙe shi a matsayin kalaman mahaifinta har ta gaya wa 'ya'yanta, kuma shi kaɗai zai san waɗanne ne na wani mai gadi a Doha.

"Kashe sanyin," ya ce. "Ƙararsa za ta shiga."

Suka rufe gilasai, suka kashe injin, zafin Yuni ya cika motar kafin a gama layi na uku. Sau huɗu suka ɗauka a wayar Issifu. A wuraren da babu kalmomi Abdulhakeem ya ci gaba da bugu, ya faɗi farkon, Issifu ya jira ya buga ƙarshen. Daga baya ya ƙara bayani da muryarsa ta yau da kullum: "Mufeeda, ban riƙe duka ba, na yi wa mamanki alkawarin abin da ban da shi. Inda kika ji shiru, akwai maganar babanki a wurin, mu ne muka rasa ta."

Amsa ta zo washegari yana bakin ƙofa a Al-Sadd. Sanatu ce, muryarta a dishe.

"Yaya Issifu, mun ji, ta saurara ya fi sau goma. Na shidan nan na san shi, yakan yi shi in yana guga: hannuna na rawa, na naɗe ki a cikin riga. Amma na taran da kuka ce a bakin asibiti, a'a. Ba a asibiti na haife ta ba, a ɗakin ungozoma ne, bayan masallaci. Wahid ba zai ce asibiti ba. Ku ne kuka sa."

Ya saurari saƙon sau biyu. Sun yi rantsuwa a kan layi na tara, shi da Abdulhakeem, kowa yana cewa yana jin muryar Wahid a ciki. Ya tura wa Abdulhakeem saƙon ba tare da ƙarin kalma ba, ya kuma rubuta wa Mufeeda cewa ta ƙara na shida, ta cire na tara, sauran goman kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya tare da mamanta, duk wanda Sanatu ta yi shakka a kansa a ajiye shi gefe. Ta amsa cewa sun riga sun fara, takwas sun tsaya zuwa yanzu, kuma tana rubuta su a littafi.

Wata mota ta tsaya a ƙofar benen tana neman shiga. Issifu ya sa wayar a aljihu, ya duba takardar direban, ya ɗaga masa ƙarfen da ke tare hanya.