Littafin Fada a Ɗakin Malam Habu

Ina hawa na uku a kasuwar Baima ta ƙasar Sin, ina jayayya da wani laoban, wato mai shago, a kan ɗinkin jallabiya, sai waya ta shigo daga Alhaji Mamman na Maraɗi, dattijon da muke kai wa matsalolinmu a unguwar Dengfeng. Ya ce Malam Habu tafinta ya faɗi a wajen baje koli na Pazhou yana tsakar yi wa baƙi fassara, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan dilar kaya. Tsoro ya riga baƙin ciki zuwa, domin na san abin da bakina ya shuka.

Malam Habu mutumin Gwarzo ne. Ya koyar da falsafa a gida kafin karatu ya kawo shi Sin, zama ya kama shi. Shi ya tarbe ni shekarar da na zo, ya nuna mini gari, ya saba mini da shan shayi a ɗakinsa. A can na ga littattafan wani fada na Katolika, mutumin Italiya da ya rayu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Malam ya ce dangin mutumin sun taɓa kulle shi don ya bar zaman zuhudu, ya ƙi. Fadan ya karanta malaman falsafa na Musulmi, ya ɗauki abin da ya gamsu da shi, ya ja da su a inda ya saɓa. Ra'ayinsa shi ne hankali da wahayi ba sa karo, tunda Mai bayarwa ɗaya ne. Amma abin da ya fi kama zuciyar Malam shi ne yadda fadan yake gardama: sai ya fara jero hujjojin masu saɓa masa, ya ƙarfafa su fiye da yadda su za su iya, sannan ya ba da amsa.

"Ban bi shi addini ba, Sale," in ji Malam, "ladabin gardama na ara. Wanda bai iya faɗin hujjar abokin musunsa ba, bai san tasa ba."

Haka yake aikinsa, kuma haka ya yi mini. Na taɓa rikici da wani Basine mai masana'anta a kan launin yadi. Malam ya zauna ya shimfiɗa hujjar Basinen tiryan-tiryan, har na ce masa, "Wai kai tafintan wane ne?" Ya shimfiɗa tawa, sannan ya ce gaskiya tana wajen mutumin, samfurin da na sa wa hannu ke nan. Gaskiya ya faɗa, ni kuwa na ƙullace shi.

A ranar, a gidan abinci, gaban mutane, na ce ai ba mamaki, mai kwana da littafi mai gicciye a bango ya kusa komawa coci. Na san ƙarya nake yi. Magana zarar bunu ce. Kafin wata guda an ce an gan shi a coci, masu neman tafinta suka janye, a masallaci ana barin gurbi a gefensa. Da muka haɗu abu ɗaya ya ce: "Sale, da ka fara kawo hujjata kafin ka yanke." Na sunkuyar da kai na wuce. Shekara biyu ina cewa gobe zan je.

A ƙasar nan, gawar da jama'ar Musulmi ba su tsaya mata ba ƙonawa ake yi. Ana bukatar takardar shaidar cewa Malam Musulmi ne kafin a ba mu shi, Alhaji Mamman kuwa ya tara mu bayan la'asar ya ce, "Ni ba na sa hannu a kan abin da ban sani ba. Maganar nan da ake yi, wa ya gani da idonsa?"

Na miƙe, na yi yadda Malam ya koya mini. Na ce littattafan suna nan, gicciyen yana nan, yana yabon fadan, duk gaskiya ne. Sannan na ce ni na ƙirƙiri sauran don ya ba ni rashin gaskiya a kan yadi, kuma ban taɓa shiga ɗakin Malam lokacin salla ya yi bai ture littafin ya ja mu jam'i ba.

"Allah ya isar masa, Sale," in ji Alhaji, ya jawo takardar.

Mun binne shi ranar Laraba. Da yawa ba su zo ba, domin gyaran magana ba ya kai inda ɓarnarta ta kai. Da yamma 'yarsa Hadiza ta kira daga Gwarzo. "Baba Sale, an samu jama'a?" Malam ya hana ni ƙarya ko bayan ransa. Na ce mata sahu ɗaya ne, bai cika ba, kuma ni ne sanadi.

Ya Allah, bawanka Habu ya yi wa kowa adalci, ni ban yi masa ba. Ka jiƙansa, ka haskaka kabarinsa a wannan baƙuwar ƙasa, ka cika masa da mala'iku sahun da na rage. Ka ba Hadiza da mahaifiyarta haƙuri, ka zama gatansu. Ni kuma ka sa ya yafe mini ranar da za a fara da jin hujjarsa.